Makunnin da Ke Bayan Ampilin Baba

Masu rubuta tarihi sun cika littattafai da labarin waɗanda suka ɗaga murya, sarakuna da masu wa'azi da 'yan siyasa, da duk wanda Allah ya ba maƙogwaro ya rage masa kunya. Na karanta rabona a cikinsu, na kuma karantar da 'ya'yan mutane abin da manhaja ta ɗora mini. Amma da za a tambaye ni aikin injiniya mafi girma da aka taɓa yi a wannan gaɓar teku, ba zan ambaci tashar jirgin ruwan Lome ba, duk da zurfin da ake yabonta da shi. Zan ce wani gwangwanin alewa ne, mai faɗin tafin hannu, wanda mahaifina ya ɗaure a bayan ampilin jitarsa, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, a ɗakin ƙuryar gidanmu na Zongo, don kada uban da ya haife shi ya ji abin da ya fi iyawa a duniya.

Wari ne ya tono mini zancen. Kwanan baya na kai salulata gyara a kasuwar Assiyeye, mai gyaran ya ɗora bakin ƙarfensa mai zafi a kan dalma, wani siririn hayaƙi ya tashi, rabi ƙaro rabi ƙonannen sukari. Ya ɗago ya tambayi lafiyata da Faransanci, "Madame, ça va?" Na ce hayaƙi ne ya shiga idona. Ya dubi hayaƙin, wanda ko sauro ba zai kora ba, ya yi mini kara, ya mayar da kansa kan aikinsa.

Gidan namu na Zongo na Kaka ne, mahaifin Baba. Mai masaukin baƙi ne. Fataken goro da direbobin manyan motocin da ke hawa Nijar da Burkina da Mali duk a zaurensa suke sauke gajiya, su bar ajiyarsu a hannunsa ba tare da shaida ba. Jarinsa ke nan, maganarsa. In ya ce buhu goma ne, ba a sake ƙirgawa. In ya ce ba za a yi abu ba, an gama. A sahun farko yake salla, a inda ya saba tsayawa, kuma ko ya makara ba wanda ke tsaya masa a wurin.

Baba ɗan farinsa ne. Yaran yanzu sai an zaunar da su an yi musu bayanin abin da wannan ke nufi, kamar yadda ake bayanin fitilar aci-bal-bal. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kaka ya kira sunan Baba ba. "Na ɗakin ƙurya" yake ce masa, ko "mutumin naku". Da safe Baba zai je ya durƙusa a bakin ƙofarsa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa, Kaka ya amsa yana kallon butar alwala, kai ka ce butar ce ta kwana lafiya. In akwai saƙo, sai ya bi ta bakin Goggo, ƙanwar Baba, wadda ke suyar doya a tsakar gida da yamma, ko ya bi ta bakina. Babu gaba a tsakaninsu ko kaɗan. Kunya ce, irin wadda iyayenmu suka ɗauko tun daga arewa suka kawo bakin teku ba ta zube a hanya ba. Da ita uba ke nuna cewa wannan ɗan ya fi ƙarfin a yi ta ambatonsa.

Duk maganar da Kaka ya hana kansa yi wa ɗansa, a kaina yake sauke ta. Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce amaryarsa. Ina jan gemunsa, ina kwance masa rawani, ina ce masa tsohon da ba ya iya biyan sadaki. Shi kuma ya ce ya yi asarar aure, ya ɗauko mace mai ci kamar fara, ba ta iya ko dama koko ba.

Baba a tashar jirgin ruwa yake aiki, yana fitar wa 'yan kasuwar arewa kayansu, daga wannan ofis zuwa wancan da takardu a hammata. A can ya samo ampilin, a hannun wani ma'aikacin jirgi da ya gaji da ɗaukarta. Baƙa ce, nauyinta kamar buhun siminti, kuma in ka leƙa ta baya sai ka ga waɗansu kwalabe a jere suna ja kamar garwashin da aka rufe da toka. Sai an kunna ta an jira ta ɗumama, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Baba bai taɓa kiɗa a wajen biki ba, bai taɓa shiga ƙungiya ba, ko da yake 'yan Ghana sun sha zuwa har ƙofar gida suna roƙonsa. Bayan la'asar, in ya dawo daga tasha, zai cire rigar aiki ya rataye, ya zauna a bakin gado ya kaɗa har a fara alwalar magariba. Iyakarta ke nan.

Sai dai a wancan zamanin ampilin na buɗe. Sautin na fitowa ta taga, ya zagaye tsakar gida, ya bi ta kan kaskon Goggo, ya shiga zaure ya fita titi. Sauti ne mai kauri, mai ɗumi, gefensa da ɗan ƙauri kamar ƙanzon tuwo. Yana kaɗa abubuwa iri-iri da yake ji a rediyon Accra, amma kullum da abu guda yake rufewa, wani ɗan amo mai hawa uku ya sauko, ya sake hawa ya tsaya a sama kamar mai jiran amsa. Goggo ce ta gaya mini waƙar uwarsu ce, kakata da ta rasu tun kafin a haife ni, wadda take rerawa in tana tankaɗe. Baba bai riƙe kalmomin ba. Amon kawai ya riƙe.

A daidai wannan lokacin ne Kaka ke sa a fito masa da kujerarsa ta katako daga zaure, a ajiye a tsakar gida. Akwai mangwaro a gidan, inuwarsa ta isa mutum goma, amma Kaka ya ce tsuntsaye na ɓata masa riga. A jikin bangon ɗakin ƙurya ake ajiye kujerar, inda inuwa ba ta rufe ko gwiwarsa ba. Zai zauna da carbi, ido a lumshe, fuska a ɗaure. Ni da nake zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa, ni kaɗai nake ganin babban yatsan ƙafar yana ɗagawa yana sauka a cikin takalmi, daidai da kiɗan.

Wata rana na ce, "Angona, yatsanka na rawa."

Ya ce, "Sanyin ƙashi ne. In kin tsufa kin gani, in an samu mai aurenki kafin nan."

Abin ya lalace ne ranar da aka yi wani babban baƙo, malami daga arewa, mai almajiran karatu manya-manya da ke take masa baya. Zaure ya cika, dattawan unguwa sun zo gaisuwa, ana cikin zancen hukuncin wani abu, sai Baba, wanda bai san da baƙon ba don ta ƙofar baya ya shigo, ya saki sautinsa. Malamin ya dakata. Ya karkata kai, ya yi murmushin da ya fi zagi, ya ce, "Alhaji, ashe gidan naka da mashaya yake maƙwabtaka?"

Ina bakin zaure da kwanon goro. Na ga kunnen Kaka ya motsa. Bai tashi ba. Ya juya fuskarsa wajen tsakar gida, ya kira Goggo da muryar da duk gidan ya ji, ya ce, "Ki gaya wa na ɗakin ƙurya, wannan abu kada ya ƙara ƙetare bangon ɗakinsa."

Goggo ba ta sha wahalar kai saƙon ba. Kafin ta ajiye matsamin suya sautin ya ɗauke.

Mutum mai sauƙin kai da sai ya sayar da kayan ya huta, mai taurin kai kuma ya kama haya a wata unguwa. Baba bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki maganar kamar yadda yake ɗaukar takardar duwan, wato kwastan, ya karanta abin da ta hana da abin da ba ta hana ba. Ba a ce kada ya kaɗa ba. An ce kada ya ƙetare bango. Washegari ya murɗa maɓallin ƙara ya mayar da shi kusan ƙasa, ya kaɗa.

Abin da ya fito ya ba ni kunya a madadinsa. Siriri, busasshe, kamar sauro ya faɗa gwangwanin madara. Waƙar kakata ta koma kukan ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ya kaɗa kaɗan ya ajiye jitar, ya zauna yana kallon ampilin kamar abokin da ya ci amanarsa. Irin waɗannan masu kwalabe haka halinsu yake. Daɗinsu ba ya fitowa sai an matsa musu, sai kwalaben sun sha wuya. In ka tausaya musu sai su ba ka ƙashi ba nama. Ga shi kuma kunnen ɗan Adam, in sauti ya yi ƙasa, kaurin da zaƙin ne ke fara ɓace masa, ya bar shi da tsakiya mara ɗanɗano.

Daga nan warin dalma ya shigo gidanmu, ya zauna shekaru.

A bayan ampilin akwai kafofi biyu da ba wanda ya taɓa kula su sai gizo-gizo. Ta ɗaya sauti ke fita bayan kwalaben farko sun gama dafa shi, ta ɗayar yake komawa ya shiga wajen manyan da ke tura shi lasifika. An yi su ne don mai son ya ratsa da sautinsa ta wani akwati, kamar na amsa-kuwwa da Baba yake da shi. Shi kuwa da idon ɗan tasha ya kalle su. Na ji yana yi wa Goggo bayani, ita tana fere doya ba ta ko ɗago ba.

"Kaya ne sun sauka daga jirgi, za su hau mota. A tsakanin nan zan kafa duwan. A can ciki in buɗe wuta, kwalabe su yi aikinsu sosai, daɗin ya fito. In ya iso nan sai in tare, in saki kaɗan."

Goggo ta ce, "Yaya, duk duwan ɗin da na sani, mai kyan suke riƙewa su saki tarkace."

Annabci ta yi ba ta sani ba. Ya samo maɓallin murɗawa daga wata matacciyar rediyo, ya huda gwangwanin alewa ya dasa shi a ciki, ya ja waya daga kafa zuwa kafa. Ƙara ta ragu, kaurin ya tsaya, amma zaƙin saman ya tafi. Jitar ta koma kamar mai magana a cikin bargo. Sai da ya yi ta yawo wajen masu gyaran rediyo kafin ya gane cewa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ake ɗorawa a kan ƙafafun maɓallin, ya zama ɓarauniyar hanya ga siraran sautuka su wuce ba a tare su ba. Ya sa babba, abin ya yi tsini har yana soke kunne. Ya sa ƙarami, bai yi komai ba. Yana da kwalbar man shafawa cike da waɗannan ƙwayoyi, kowace da launinta, yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, mako bayan mako. Da ya samu wadda ta dace, sai wani gurnani ya ɓullo, mara tsayawa, kamar firiji a cikin ɗaki. Wannan ya ci masa damina guda, kafin ya canza wayoyin da masu sulke a jiki. Sannan ya lura in gwangwanin na gaban akwatin amsa-kuwwa, amon na dawowa da wata ƙarar shuu, sai ya mayar da shi baya. Iskar teku kuma na nata aikin, duk abin da ya goge yau, bayan wata guda ya yi kore.

Goggo ce ma'auninsa. Zai kaɗa, ya leƙo ta taga ya ce, "Yanzu fa?"

"Ina ji."

Ya koma ciki. Can ya sake leƙowa.

"Ina ji har yanzu. Amma ya fi na jiya daɗi, Allah ya isa tsakanina da kai, doyata ta ƙone."

Kujerar Kaka kuwa ba ta fasa fitowa ba. Tsuntsayen mangwaro ba su tuba ba, in ji shi. Sai dai na lura da abin da ƙasar tsakar gida ke rubutawa. A da tsakanin kujerar da bango akwai wurin da nake bi in wuce da gudu. Daga baya sai na riƙa bi a karkace. Daga baya ko kyanwa ba ta wucewa. Bayan kujerar ya riƙa gugar bango har ya ci farar ƙasar, ya bar layi. Kaka ya daina zama a miƙe, ya koma jingina kai, yana cewa wuyansa ne. Duk ci gaban da Baba ya samu a ciki, kujerar ce ke biya a waje.

Ranar da aikin ya kammala ina ɗakin. Baba ya kaɗa waƙar kakata, kuma ban taɓa jin ta yi kyau haka ba, ko a zamanin da take cika unguwa. Duk kaurin na nan, duk zaƙin na nan, amon na hawa ya tsaya a sama yana lilo, amma ƙararta ba ta fi ta mutum biyu masu hira a kan tabarma ɗaya ba. Ya leƙa taga. Goggo na juya doyarta, ba ta ɗago ba. Ya kira ta, ta ce, "Ka fara ne?" Baba ya zauna a bakin gado, ya rufe fuska da tafin hannu yana dariya. Ya yi biyayya, kuma bai rasa komai ba. Haka ya ɗauka.

Na fita. Kaka na kan kujera, ƙeyarsa a manne da bango, yatsan ƙafarsa a kwance.

Kwanaki suka wuce. Sannan wata yamma, yana kallon mangwaro, ya ce, "Amarya, mutumin naku ya sayar da kayan shirmen nasa ne?"

Na ce, "Suna nan. Yanzu haka ma kaɗawa yake."

Ya tsayar da carbin. Na ga yana sauraro da dukan jikinsa, har numfashi ya riƙe. Babu abin da ke tashi sai man Goggo da ƙahon wata mota a titi.

Ya ce, "To, madalla. Haka ake so."

Na shiga wajen Baba na ce Kaka na tambayar kiɗa. Ya ɗago da sauri. "Ya ji ne?" Na ce bai ji ba. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce ai so yake ya ji. Baba ya kalle ni, ya ce, "Shi ya faɗa miki haka?" Na ce a'a, yatsansa ne. Ya ce, "Ba a karya maganar uba da shaidar yatsa."

Na koma wajen Kaka na ce, "In ce ya ƙara kaɗan?" Ya ce, "Ni da na yi magana a gaban mutane?" Sai ya ja kunnena, ya ce matar kirki ba ta yawo tsakanin maza da gulma, in tafi in kawo masa ruwa. Da na kawo bai sha ba.

Na yi wannan zirga-zirgar fiye da yadda zan iya tunawa, ina girma a cikinta. Tsakanin kujerar da bakin gadon bulo ɗaya ne. Ɗaya na jiran a ce masa yi, ɗayan ba shi da bakin da zai ce, don maganar da ya yi a zaure ba tasa ba ce shi kaɗai, da ita baƙi ke barin dukiyarsu a hannunsa. Kuma ko da zai janye ta, ga wa zai janye? Ga yaron da bai taɓa kiran sunansa ba? Malamin da ya jawo abin bai sake zuwa Lome ba, ina jin ma ya manta da gidan.

Ina shekarar ƙarshe a kwaleji Kaka ya kwanta. Farkon babbar damina ne, lokacin da tufafi ba sa bushewa, gishiri ke narkewa a kwano. Aka mayar da shi ɗakinsa da ke can ɗaya gefen tsakar gida. Kujerar ta zauna a jikin bango ba kowa, ba wanda ya iya ɗauke ta. Baba na zuwa da safe ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, shi ke sayen magani, shi ke kawo likita, amma in za a juya Kaka ko a wanke shi sai ƙannen Baba maza. Shi ɗan fari a waje yake tsayawa, yana riƙe da tawul.

A cikin kwanakin nan na sake jin warin dalma, bayan an daɗe ba a ji ba. Na tarar Baba ya kwance gwangwanin, ya huda gefensa, yana dasa wani ɗan makunni mai hanci, irin na sama da ƙasa. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce in aka ɗaga shi, sauti zai tsallake duwan ɗin gaba ɗaya, ya wuce kai tsaye kamar da.

Na ce, "Yaushe za a ɗaga?"

Ya ce, "Ranar da aka ce."

Goggo ba ta da haƙurinmu. Ta same shi ta ce, "Yaya, tsohon nan tafiya zai yi. Ka buɗe masa abin nan, in laifi ne a rubuta a kaina." Ya ce, "Ya ce?" Ta wuce fuu ɗakin Kaka, ta durƙusa ta ce, "Baba, in ce Yaya ya kaɗa maka?" Kaka ya juya fuska wajen bango, ya ce a ƙyale mutum da hidimarsa. Ta fito tana share ido da bakin zane, tana cewa ita dai Allah ya haɗa ta da maza biyu masu kan dutse.

Wata la'asar ina zaune kusa da shi ina masa fifita. Ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Hadari ya haɗu ta wajen teku, ɗakin ya yi duhu, gari ya yi tsit yadda yake yi kafin ruwa. Ya buɗe ido ya ce, "Amarya."

Na ce, "Na'am, angona."

"Gidan nan ya yi shiru."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na tarar da Baba a bakin gado, jitar a cinyarsa, kwalaben sun riga sun yi ja. Na maimaita masa maganar yadda aka faɗe ta, ban ƙara ba ban rage ba, don a gidanmu haka ake kai saƙo. Ya miƙa hannu bayan ampilin. Na ga yatsansa a kan makunnin. Ya ce, "Haka ya ce? Gidan ya yi shiru?" Na ce haka ya ce. "Bai ce a kaɗa ba?" Na girgiza kai, don bai ce ba.

Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, ya tashi ya buɗe ƙofar ɗakin har ƙarshe, ya buɗe taga, ya jawo ampilin da nauyinta ya kawo ta daidai dokin ƙofa, ya juya fuskarta wajen ɗakin Kaka. An ce kada ya ƙetare bango. Ƙofa ba bango ba ce. Ya zauna a ƙasa ya fara waƙar uwarsa, da ƙaramar muryar nan mai kyau da ya kashe shekaru yana ginawa.

Na ruga na koma don in ga fuskar Kaka. Ina tsakiyar tsakar gida ɗigon farko ya faɗo mini a goshi. Kafin in kai ƙofarsa ruwan ya sauko gaba ɗaya a kan kwanon rufi, irin ruwan Lome da ko kiran salla ba a ji a cikinsa. Ta cikin labulen ruwan ina hango Baba a bakin ƙofarsa, hannunsa na tafiya a kan jitar, feshi na jiƙa masa gwiwa.

Kaka ya ɗan ɗaga kai daga matashi, ya karkata kunne. Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Baba ne ke kaɗa maka."

Ya saurara. Ya daɗe yana sauraro. Na kalli ƙafarsa da ta leƙo daga mayafi.

Ya ce, "Ruwa ne, amarya." Ya mayar da kansa.

Bai kai Juma'a ba.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, Goggo ta ce wa Baba cikin ɗacin rai yanzu sai ya buɗe abinsa har a ji a Ghana, ba mai hana shi. Ya ce, "Wanda ya hana bai dawo ya ce a yi ba." Ya ci gaba da kaɗawa bayan la'asar, a hankali, har ƙarshen ransa, shekaru masu yawa. Ya zama mai gida, ya gaji zauren, amma bai bar ɗakin ƙurya ba. Da aka zo yi wa gida fenti, shi ya tsaya a kan masu aikin ya ce su bar layin nan na jikin bango.

Yanzu ampilin na wurina a unguwar Cacaveli, a ƙarƙashin kantar littattafai, na rufe ta da zane. Gidan Zongo an raba, an yi shaguna a inda mangwaro yake. Ina da ɗan fari ni ma. Ina kiran sunansa daga bene har masu gadin layi su ji, shi kuma ya amsa mini da "Maman, j'arrive", wato ga shi nan zuwa, bai ko ɗago daga salularsa ba. Muna faɗa wa juna komai, har abin da bai kamata ba. Na karanta littattafan da ke cewa wannan ci gaba ne, na kuma yarda da su a yawancin ranaku. Shi ma yana taɓa jita, amma da abin toshe kunne, ba wanda ke jin sa, ba kuma wanda ya hana shi.

Ranar da na dawo daga Assiyeye na yaye zanen. Ɗan nawa ya zo ya tsuguna a bayan ampilin, ya buɗe gwangwanin alewar, ya yi fito. Ya ce irin wannan akwatin yanzu a shirye ake sayar da shi, amma bai taɓa ganin wanda aka yi wa aiki mai tsabta haka ba. Ya haɗa jitarsa, muka jira kwalaben suka yi ja. Ya kaɗa, ƙaramar muryar ta fito yadda na san ta, har na nemi wurin zama.

Sai ya ce, "Maman, wannan ɗan makunnin fa, na mene ne?"

Ina shirya amsar, wadda ta kai tsawon duk abin da na rubuta a nan, ya sa yatsa ya ɗaga shi. Gilashin taga ya yi kakkarwa, karen maƙwabta ya kama haushi, wata mata a bene na ƙasa ta leƙo tana tambayar ko biki ake.

Makunnin lafiyarsa ƙalau. Ko tsatsa bai yi ba.